Shafin roba a jikin motar daji: yadda aka yi da wata Land Cruiser a Maraɗi

Motar da ake magana a kanta Land Cruiser 79 ce, fara, mai gida ɗaya da akwatin kaya a baya, injinta 1HZ mai shan gazuwal, silinda 6, lita 4.2. Ta wani Alhaji ce mazaunin unguwar Zariya a Maraɗi, mai fataucin hatsi da dabbobi. Aikinta na mako bai cika sauyawa ba. Takan tashi daga Maraɗi ta wuce Tibiri, ta bi kwalta ta Kornaka har Dakoro, daga can ta faɗa rairayi da burji zuwa kasuwannin ƙauye ta wajen Bermo da kewayen Gadabeji. In za ta tafi, gishiri ne da kanwa da dusa, wani lokaci takin zamani. In za ta dawo, awaki ne da tumaki, ko gero da wake idan kaka ta yi. Fasinja kuwa ba a rasa su a saman kaya.

Injin bai taɓa ba kowa wahala ba. Jikin ne ke lalacewa, kuma kowane sashe da irin ciwonsa. Daɓen akwatin baya tsatsa ta ci shi har ya huje ta kusurwar gaba, inda fitsarin dabbobi ke taruwa ya gamu da garin kanwa da gishirin da ya zube daga buhu. Gishiri da taki suna jawo laima daga iska su riƙe ta a jikin ƙarfe, shi ya sa ko a ƙasar da ruwan sama bai fi wata huɗu yana sauka ba, bayan motar ɗan kasuwa yakan ruɓe. Ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, tsakuwar burji ta tsattsage musu fenti. Gefen mota daga madubi zuwa baya, ƙayar bagaruwa da magarya da aduwa sun ja masa layuka. Parashok na gaba, wanda mai walda ya ƙera da bututun ƙarfe, nasa fentin ya tafi tun tuni.

An sha yi mata fenti irin na kullum, wanda ke da kyau ranar da ta fito daga garaji, kafin shekara ta zagayo ya koma yadda yake. Daga baya wani ya ba Alhaji shawarar a fesa wa akwatin baƙin maganin nan na gwangwani mai kwalta, wanda ake shafa wa ƙarƙashin mota. Da sanyi ya zauna lafiya. Da Afrilu ta shigo zafi ya haura digiri 40, sai ya yi laushi ya riƙa manne wa buhuna da gashin awaki da rigunan fasinja. An yi shi ne domin wurin da rana ba ta kaiwa kuma ba a jan kaya a kai, don haka aikin daɓe ya fi ƙarfinsa.

Abin da aka nema da abin da ke kasuwa

Maganar sabon shafi daga bakin babban ɗan Alhaji ta fito. Ya ga bidiyoyi a Facebook da TikTok, motocin daji a Amurka da Ostareliya an lulluɓe su tun daga kapo har baya da wani baƙin shafi mai kaushi, ana karta da makulli ba ya nunawa, ana bugu da guduma ba ya tsagewa. Ya ce a yi wa tasu haka, duk jikinta, baƙi. Alhaji ya haɗa shi da direba ya tura su wajen mai fentin da ya saba yi musu aiki, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, mai rumfar kwano da yara masu koyo a ƙarƙashinsa. Na san garajin, na kuma ga motar kafin aikin da bayansa.

Abin da yaron ya gani a waya gaskiya ne, sai dai kaya iri biyu ne ake nunawa a matsayin abu ɗaya. Na farko shi ne na kamfanoni irin Rhino Linings, da aka kafa a San Diego a 1988, da Line-X da ya biyo baya a 1993. Nasu sinadari biyu ne ake ɗumamawa a inji, a turo su da matsi mai ƙarfin gaske, su haɗu a bakin bindigar feshi, su daskare cikin ƴan daƙiƙoƙi. Kaurinsa a daɓen mota yakan kai milimita 3, kuma shi ne ake buga wa guduma a bidiyo. Injin da ke wannan aiki ya fi ƙarfin garajin rumfar kwano. Na biyu shi ne na kwalba, wanda ya fi suna a cikinsu Raptor na kamfanin U-POL na Ingila. Kwalba ce mai mililita 750, a zuba mata 250 na hadina, wato ruwan da ke sa shi ya daskare, a girgiza minti 2, a ɗaura ta a bindiga, a fesa da kwamfuresa ta kullum a matsin bar 3 zuwa 4. Wannan ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, amma siriri ne, ko milimita ɗaya bai cika kaiwa ba. Yana jure karce da tsakuwa da gishiri. In mota ta daki kututture kuwa, ƙarfen zai lotsa da shafin duka.

Akwai wani bambanci kuma da ya shafe mu, mu da muke zaune ƙarƙashin wannan rana. Wasu daga cikin irin waɗannan shafin rana tana cin launinsu, baƙin ya dusashe ya koma toka-toka yana barin gari a hannu, sai an ƙara musu wani shafin a sama. Wasu kuma an haɗa su da sinadarin da rana ba ta yi wa haka. Mai saye a Maraɗi, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara yi tun kafin ya tambayi kuɗi. A ƙarshe na kwalba aka samu, mai jure rana, irin wanda ake iya zuba wa launi har kashi 10 cikin 100. Daga Kano aka aiko da shi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa.

Wurin da za a sa da wurin da za a bari

Mai fentin bai yi musu da yaron kan ingancin kayan ba. Ya ce a kawo motar da tsakar rana a ajiye ta a fili. Da ta sha rana, ya sa yaron ya ɗora tafinsa a kan farin kapo, sannan a kan baƙar tayar da ke ɗaure a baya. "Ɗana," in ji shi, "wannan da ka kasa riƙewa, shi kake so a ɗora wa direbanku a ka daga nan har Bermo." Baƙin ƙarfe a ranar bazara yakan wuce digiri 70, alhali fari yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa. Inji ba zai damu sosai da launin kapo ba, radiyeta ke sanyaya shi. Rufin da ke bisa kan direba shi ne abin ji, ga motar ba ta da na'urar sanyi, haka kuma daɓen da awaki za su kwanta a kai da ƙarfen da fasinja za su riƙe.

Direban ya kawo tasa hujjar, wadda a ganina ta fi ta zafi nauyi. A hanyoyin arewa, a-kori-kura mai launin da ba ya ƙyalli, baƙi ko ruwan ƙasa, daga nesa ba a gane ta ɗan kasuwa ce. Mutanen ƙauye za su iya ɗaukarta ta masu ɗamara, a shingen bincike kuma sai an tambayi dalilin da ya sa takarda ta ce fara, ido ya ga baƙa. Wannan farar mota an san ta a ƙauyukan nan da awaki a baya, kuma direban ya ce ba ya son a raba shi da wannan sanin. Alhaji da aka kai masa maganar ya ƙara da ta dillalai: mota mai shafi mai kaushi a duk jiki, mai saye yakan ɗauka an ɓoye walda ne da mastik, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a ƙarƙashi, ya karya mata kuɗi. Cire shi kuma, in an yi nadama, aikin injin gurza ne na kwana da kwanaki.

Wani a garajin ya ce shafin zai ƙara wa mota nauyi ta riƙa shan mai. Wannan ba ta da ƙarfi. Kaurin milimita ɗaya a faɗin murabba'in mita ɗaya bai wuce kilo ɗaya da ɗan abu ba, na kwalba kuma bai kai hakan ba. Motar da ke ɗaukar buhunan gero ba za ta san an ƙara mata komai ba.

Sai aka bi motar sashe-sashe. Akwatin baya za a yi shi duka, ciki da baki da ƙofar baya, da launin toka mai haske. Ƙasan ƙofofi daga ƙasa zuwa kamar taƙi biyu, bakin tayoyi, matakala da parashok, waɗannan baƙi. Kapo da rufi da saman ƙofofi za su zauna da farin fentinsu. Ƙarafan da aka ɗaga a gefen akwati domin tare kaya, yaron ya nace su ma a yi su baƙi don su dace da parashok, aka bar masa wannan.

Inda mai fentin ya kafe shi ne shasi, wato ƙashin ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, kuma ina ganin nan ne ya fi nuna sanin aikinsa. Mutum zai zaci shasi ne ya fi buƙatar kariya, tunda shi ke kusa da tsakuwa da taɓo. Amma motar da ke gudu da lodi a hanya mai gargada, shasinta yakan tsage a hankali, galibi kusa da inda sifirin ke ɗaure ko inda aka taɓa yin walda. Tsagar takan fara ne siririya, bakanike ya gane ta da wani jan layin tsatsa idan ya shiga ƙarƙashi da tocila. A wannan matakin gyaranta ƙaramin aiki ne. In aka rufe wurin da shafi mai kauri mai ɗan miƙuwa, ƙarfe zai iya tsagewa a ciki shafin yana nan lafiya a waje, ba za a sani ba sai ranar da ta karye da kaya a daji. Haka tsatsa: in ruwa ya sami ƙofa ya shiga ƙarƙashin shafin, zai yi ta ci a ɓoye. Don haka shasi aka wanke shi aka yi masa siririn fenti na hana tsatsa kawai. An kuma ware lambar shasi, da wuraren da wayar batir ke ɗaure da jikin mota, da kawunan kusoshin da wata rana za a kwance, da salansa da birki da radiyeta. Duk waɗannan ba a kusance su da feshi ba.

Aikin kansa

An tsayar da lokaci a ƙarshen hunturu, ƙura ta fara lafawa, zafin bazara bai kankama ba. Damina ba ta dace ba, domin hadina ba ta shiri da ruwa: in ta gamu da laima sai ta fitar da iska, shafin ya yi ƙuraje da ƙananan ramuka. Saboda wannan dalilin ne ake zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa kowace safiya, a kuma sa matatar ruwa a bakin tiyo.

Feshin shi ne ƙaramin ɓangare. Mafi yawan kwanakin a shiri suka tafi, kuma tsohuwar kwaltar nan ta ci rabinsu. Sai da aka bar akwatin a rana ta yi laushi aka kankare ta da ƙarfe, aka bi sauran da kalanzir. Kalanzir kuma yana barin maiƙo, shafi ba ya kama wuri mai maiƙo, don haka aka wanke da omo, aka bari ya bushe ƙarau, aka yi ta goga da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, har sai da farin tsumma ya daina canja launi. Kusurwar da ta huje aka yanke ta, mai walda ya sa sabon ƙarfe, aka gurje. Duk inda ƙarfe ya fito tsirara an yi masa fentin ƙasa na ifoksi. Inda tsohon fenti yake da lafiya, an bi shi da samfefa mai lamba 80 zuwa 180 har ƙyallinsa ya mutu gaba ɗaya, saboda a cikin karcen samfefa ne shafin ke samun abin kamawa. Ramukan da ruwa ke fita daga daɓe da na kusoshi an toshe su da ƴan itatuwa. An ja layi da tef a jikin ƙofofi, an rufe sama da takardar buhun siminti. Tef ɗin kuma ana cire shi ne tun shafin bai gama tauri ba, in ba haka ba ya tafi da bakin layin.

Ana fara feshi bayan sallar asuba. Takardar da U-POL ke bayarwa tare da nasa kayan ta ce bayan an haɗa kwalba da hadina ana da minti 60 kafin ta yi kauri, amma a zafin digiri 20 aka yi wannan awon. Ƙiyasin da masu haɗa sinadarai ke aiki da shi shi ne, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin haɗuwar kusan sau biyu. Ke nan a digiri 30 awa ɗaya ta koma rabin awa, a 40 ta koma kamar kwata. An ga haka da ido wata safiya. Babban yaron garajin ya haɗa kwalba biyu lokaci guda don a yi sauri, wuta ta ɗauke, kafin a tayar da janareta hantsi ya yi, kwalba ta biyu ta ƙi fita daga bindiga. An zuba mata tina ba ta dawo ba, domin wannan daskarewa ce ta haɗuwar sinadari, ba a warware ta. Daga ranar aka koma ajiye kwalaben a gindin randa an rufe su da jiƙaƙƙen buhu, ana haɗa ɗaya sai ta ƙare a taɓa wata.

Shafi biyu marasa kauri aka yi, da tazarar awa ɗaya a tsakani, maimakon ɗaya mai kauri da zai kulle tina a cikinsa. Kafin kowane sashe sai an gwada a jikin kwali, saboda matsin iska da nisan bindiga su ke yanke yadda kaushin zai fito. A ƙofofi an yi shi da laushi-laushi don kada ya riƙe ƙura. A daɓe an ƙara masa kaushi don kofaton dabba ya sami makama, amma ba a kai shi inda zai yaga buhu idan an ja ba.

Robobin da ke bakin tayoyi su ne suka kawo gardama. Irin robar nan mai santsi tana buƙatar wani maganin manne da ake fesa mata kafin shafi, kuma bai zo cikin kayan da aka aiko ba. Mai fentin ya ce a bar su yadda suke. Ɗan Alhaji ya ce za su ɓata kyan aikin. Aka gurje su da samfefa aka fesa, bayan dattijon ya faɗa a gaban direba cewa wannan bai ɗauki alhakinsa ba.

Saura jira. Shafin yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya, abin da ke ruɗin mai mota ke nan. Ƙa'idarsa kwana 2 zuwa 3 kafin ƙaramin aiki, kwana 5 zuwa 7 kafin lodi na gaske, kuma ruwa kada ya taɓa shi a kwana ukun farko. Alhaji yana da kasuwa a gaba, ya aiko a kawo mota. Mai fentin da ma ya bar ƙofar baya a cire, ita ce ta ƙarshe da ya fesa, ba a kuma loda awaki a akwatin da ba ƙofa. Da Alhaji ya zo da kansa, dattijon ya tare shi a bakin rumfa. "Alhaji, ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba ni kwana huɗu, in ba ka mota." Alhaji ya yi hayar wata motar a wannan makon.

Yaron da ya daina numfashi da daɗi

Akwai kuɗin da bai shiga lissafin kowa ba. Yaran garajin da rawani suka rufe hanci, wasu da takunkumin ƙyalle irin na lokacin korona. In an tashi aiki, maigida yakan saya musu nono su sha, wai ya wanke fentin daga ƙirji. Al'ada ce ta masu fenti da ta daɗe, da kyakkyawar niyya ake yinta, amma nono ciki yake zuwa, feshin kuwa huhu ya shiga.

Hadinar irin wannan shafi, da ta duk fentin mota mai haɗi biyu, tana ɗauke da sinadarin isosayanet. Idan aka fesa, yana tashi a wani siririn hazo da ido ba ya gani, yana daɗewa a iska bayan an ajiye bindiga, kuma yana kaiwa matakin cutarwa tun hanci bai ji warinsa ba. Ƙyalle ba ya tare shi. Illarsa mafi muni ita ce yana sa jikin mutum ya tsane shi, daga nan ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai asma ta tashi, kuma wannan tsana galibi ba ta barin mutum. A 2003, a jihar Michigan ta Amurka, wani ma'aikaci ya rasu da tashin asma bayan ya fesa shafin bayan mota a cikin wata rufaffiyar mota. A 2006 hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a can ta fitar da gargaɗi na musamman kan wannan sana'a. A Ingila hukumar lafiyar ma'aikata tana buƙatar mai fesa irin wannan fenti ya sa abin rufe fuska da ake turo masa tsabtatacciyar iska ta tiyo.

Ƙaramin yaron garajin, wanda aikinsa riƙe tiyo ne a cikin akwatin mota kusa da mai feshi, shi abin ya kama. Da rana lafiyarsa lau. Cikin dare ne ƙirjinsa ke ɗaurewa, ya yi ta tari yana shaƙar iska da ƙyar. A gida an ɗauka murar ƙarshen hunturu ce. Abin da ya tona asirin ciwon shi ne, ranar Juma'a da ba a buɗe garaji ba ya kwana lafiya, da aka koma feshi ya dawo. Wannan jinkirin na sa'o'i sananne ne a irin wannan asma, shi ne kuma yake sa a kasa danganta ta da aiki. Maigidan da kansa ya kai shi asibiti, aka ba shi maganin shaƙa, aka ce ya nisanci wurin feshi. Mayar da shi kan samfefa a rumfa ɗaya ba zai isa ba, tunda iskar ɗaya ce. Dattijon ya kai shi wajen wani abokinsa mai gyaran wutar mota ya ci gaba da koyo a can. Yaro ne mai hannu, maigidansa ya faɗa mini da bakinsa cewa shi yake sa ran zai gaje shi a fenti.

Bayan wannan an sayo takunkumin roba mai matata biyu. Ya fi rawani nesa, in ana canja matatar kuma ya zauna daidai a fuska, amma bai kai na tiyon iska ba, kuma bai kamata kowa ya ɗauke shi a matsayin ƙarshen magana ba. Abin da ya fi amfani, kuma bai ci ko dala ba, shi ne sauya tsarin aiki: a yi feshi a bakin rumfa inda iska ke wucewa, mai feshi ya juya wa iska baya, duk wanda ba shi da aiki a wurin ya fita, kada kuma a dawo da shayi ko abinci rumfar da zarar an ajiye bindiga.

Bayan damina da kaka da hunturu

Daɓen akwatin ya riƙe. Fitsarin dabbobi da kanwa ba su sami ƙarfe ba, wanki da bokiti biyu da tsintsiya yana isarsa, launin tokar kuma bai hana kowa zama ba ko da rana tsaka. Akwai wuri ɗaya da gefen ganga ya yanke shi har fentin ƙasa, aka gurje aka cike. Ƙasan ƙofofi da matakala sun jure tsakuwa fiye da duk fentin da aka taɓa yi musu.

Robobin bakin taya sun fara ɗagawa daga gefe tun farkon damina, kafin kaka shafin ya saɓule daga jikinsu kamar ɓawon dafaffen rogo. A ƙofar baya, can ƙasa inda ƙarfe biyu suka naɗe juna, shafin ya kumbura. Da aka buɗe, tsohuwar tsatsa ce da ta ɓuya a cikin naɗin inda samfefa ba ta kai ba, ta ci gaba da aikinta a rufe. Ƙarafan gefe da aka yi baƙi, fasinja sun koka da zafinsu, direba ya naɗe su da igiya. Jar ƙurar hanya tana zama a cikin kaushin, tsumma ba ya fitar da ita sai buroshi, baƙin ƙofofin ya koma ja-ja a tsakanin wanki da wanki. Layukan ƙaya a saman ƙofofi suna nan suna ƙaruwa a kan farin fenti, Alhaji ya ce wannan ba ya hana mota aiki.

Da parashok ya tsage a wata mahaɗa, mai walda ya so ya ɗora wuta a kai tsaye. Mai fentin ya hana, ya sa aka gurje shafin kamar faɗin tafin hannu a kowane gefe tukuna, domin irin wannan roba in ta ƙone tana sakin hayaƙi mai guba, har da isosayanet ɗin da aka yi zaton ya riga ya daskare. A shasi kuma, bakanike ya ga jan layi kusa da maɗaurin sifirin na baya a lokacin canjin mai, aka yi masa walda a ranar.

Alhaji yana da wata motar, Hilux, da ke bin hanyar Madarunfa da Agiye. Ya ce a yi mata ita ma. A wannan karon takardar kayan da aka aika Kano ta ƙunshi maganin mannen roba da matatun takunkumi, mai fentin kuma ya sa kuɗin matatun a cikin kuɗin aiki. Alhaji ya yi ciniki a kai, daga baya ya biya. Akwati da ƙarafan gefe launin toka za a yi, ƙasan ƙofofi baƙi, naɗin ƙofar baya kuma za a buɗe shi a tsabtace kafin a rufe. An tsayar da aikin a watan Nuwamba, bayan laimar damina ta janye, kafin ƙurar hunturu ta sauko, kuma Alhaji ya yarda motar ta rasa kasuwar mako ɗaya.